Ma'ajin Gishirin Jiki da Hawan Jinin da Ya Ƙi Sauka

A watan Mayu na shekarar 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu. Da ya tashi daga nan ya nufi yamma, ya bi ta Birnin Kebbi, har ya isa kwarin Foga, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar a yankin Gaya. A can ya tarar da ƙauyukan da sana'arsu ita ce gishiri: a kankare ƙasar kwarin, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe, sannan a ɗaure abin da ya saura a kai kasuwa. Wani gishirin kuma sai ya keto Sahara a bayan raƙuma daga Balma kafin ya shiga tukunya. Magidanci a ƙasar Gwandu a wancan zamani ya san gishiri a matsayin haja mai tsada, wadda uwargida ke tsakura da yatsu biyu.

Shekara 100 cif bayan haka, a 1953, Sylvia Simpson da James Tait a Landan, tare da Tadeus Reichstein a Basel ta ƙasar Suwizalan, suka tace wani sinadari daga ɗan ƙullutun naman da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, wanda likitoci ke kira adirinal. Sai da aka sarrafa kilo 500 na wannan nama daga shanu kafin a samu miligiram 21 na sinadarin, wato kimanin nauyin ƙwayar shinkafa guda. Shi ne aka raɗa wa suna aldostiron. Aikinsa hana gishiri ficewa daga jiki.

Jikin jikokin wancan magidanci, a Dalijan da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo, har yau yana tattalin gishiri kamar ana jiran ayari, alhali gishirin ya zama mafi arha a cikin kayan miya. Binciken shekaru 70 ya nuna cewa haɗuwar wannan sinadari da yalwar gishiri tana cin zuciya da ƙoda da hanyoyin jini, kuma ɓarnar ta wuce abin da na'urar awon jini ke nunawa. Matuƙar tsarin kula da hawan jini a Jihar Kebbi bai sa wannan ilimi a lissafinsa ba, za a ci gaba da ɗora wa marasa lafiya laifin cutar da ba su da hannu a cikinta.

Aikin ma'aji

Ƙodar baligi tana tace ruwa kimanin lita 180 a kowace rana, kusan cikin duro guda, kuma a cikin wannan ruwa akwai gishirin da ya kai kilo ɗaya da rabi. Da za a bar shi ya fita da fitsari, da mutum bai kwana ba. Don haka ƙoda take mayar da fiye da kashi 99 cikin 100 zuwa cikin jini. Mafi yawan wannan aiki yana gudana ba tare da jiran umarni ba, amma ɗan ragowar da ya isa ƙarshen bututun ƙoda yana hannun aldostiron. Idan jini ya ragu saboda gumi ko gudawa ko zubar jini, ƙoda tana sakin wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya tayar da jerin saƙonnin da ke kaiwa ga adirinal. Aldostiron ya fito, ya sa a riƙe sodiyam, wanda shi ne jigon gishiri, ruwa ya bi sodiyam, jini ya cika. Kuɗin wannan ciniki shi ne fotasiyam, wanda ake zubarwa a fitsari a madadin sodiyam ɗin da aka riƙe.

Umarnin bai tsaya a ƙoda ba. Yana kaiwa hanji da yawu da ramukan gumi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Jerome Conn, ya yi nazarin yadda jiki ke sabawa da zafi, ya ga cewa bayan 'yan kwanaki a cikin zafi gishirin da ke cikin gumi yana raguwa ƙwarai. Manomin da ke aiki a fadama a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, yana rayuwa ne da wannan baiwa. A yanayin da ya dace, aldostiron ma'aji ne amintacce.

Idan ma'aji ya daina jin umarni

Wannan likita Conn shi ne ya fara bayyana abin da ke faruwa idan ma'ajin ya kangare. A 1954 ya gabatar da labarin wata mata mai shekara 34 da ta daɗe tana fama da hawan jini, raunin gaɓoɓi da ɗaurewar jijiya, fotasiyam ɗin jininta kuma ya yi ƙasa sosai. Aka yi mata tiyata, aka cire wani ƙari daga adirinal ɗinta na dama, jininta ya sauka. Ƙarin yana zubo aldostiron ne ba tare da ƙoda ta nema ba, jiki yana ta tara gishiri alhali rumbu ya cika.

Shekaru da dama littattafan likitanci suna ɗaukar wannan cuta a matsayin abin da ba a cika gani ba, wajen mutum 1 cikin 100 na masu hawan jini. Wannan lissafi ya rushe. Binciken da aka buga a 2017 daga birnin Turin na Italiya ya same ta a kusan kashi 6 cikin 100 na masu hawan jinin da ke zuwa ƙananan asibitoci. Wani da aka buga a Amurka a 2020 ya same ta a kashi 22 cikin 100 na waɗanda jininsu ya ƙi sauka duk da shan magunguna da yawa. Akasarinsu ma fotasiyam ɗinsu bai faɗi ba, don haka babu alamar da za ta tona asirin cutar sai an neme ta da gangan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bambancin ɓarna. A 2018 Silvia Monticone da abokan aikinta suka tattara bincike 31 da suka kwatanta masu wannan cuta da masu hawan jini na yau da kullum. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka fiye da sau biyu da rabi, na gazawar zuciya ya ninka sau biyu, na rikicewar bugun zuciya ya ninka sau uku da rabi. Mutum biyu za su iya zama a benci guda a asibiti, na'ura ta ba su lamba iri ɗaya, amma ɗayansu yana tafe da haɗarin da ya ninka na ɗan'uwansa.

Dalilin ya fito fili a hankali. A 1987 aka gano tsarin makarɓin da aldostiron ke shiga ya ba da umarni, sai ga shi a tsokar zuciya, da bangon hanyoyin jini, da ƙwaƙwalwa, ba a ƙoda kaɗai ba. A farkon shekarun 1990 Christian Brilla da Karl Weber suka ba ɓeraye aldostiron tare da gishiri mai yawa, zukatansu suka cika da tabo, tsokar ta yi tauri kamar fatar da ta sha rana. Ɓerayen da aka ba sinadarin amma aka rage musu gishiri ba su yi wannan tabo ba. Irin wannan darasi ya zo daga dajin Amazon. 'Yan ƙabilar Yanomami, waɗanda ba sa sa gishiri a abinci, an auna su a 1975 aka tarar aldostiron ɗinsu ya yi sama ƙwarai, amma jininsu a ƙasa yake. Babban binciken gishiri na duniya da aka buga a 1988 ya samu matsakaicin awon jininsu wajen 96 bisa 61, kuma ba ya ƙaruwa da shekaru. Ke nan sinadarin shi kaɗai bai isa ya yi ɓarna ba, sai ya samu gishiri ya jingina da shi.

Tsohon magani

Maganin da ke toshe wannan makarɓi ya girmi yawancin likitocin da ke aiki a yau. Sifironolakton, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Aldactone, ya shiga asibitoci tun wajen 1960, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana da araha. A 1999 Bertram Pitt ya jagoranci gwajinsa a kan mutum 1,663 masu matsananciyar gazawar zuciya. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 25 a rana ta rage mace-mace da kashi 30 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa domin kada a ci gaba da hana sauran maganin. A 2015 wani gwaji a Birtaniya ƙarƙashin Bryan Williams ya nuna cewa ga wanda magani uku suka kasa saukar masa da jini, sifironolakton ne mafi ƙarfi a matsayin na huɗu. A 2020 sabon ɗan'uwansa, finerinon, ya rage lalacewar ƙoda da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu ciwon sukari fiye da 5,000. Ga wanda ƙari ne a adirinal guda, tiyata tana iya raba shi da cutar baki ɗaya ko ta rage masa yawan ƙwayoyin da yake sha.

Mutumin da ake zargi

A ɗauki misalin magidanci mai shekara 45 a Dalijan. Yana shan magani iri uku, amma duk zuwan da ya yi asibiti jininsa na wajen 170 bisa 105. Yana tashi fitsari sau huɗu a dare, ƙafafunsa suna yi masa nauyi, maraƙinsa yana ɗaurewa idan ya yi noma. Ma'aikacin lafiya zai fara zargin ba ya shan magani a kan ƙa'ida. Iyalinsa za su ce tunani ne ya yi masa yawa. Shi kuma, ganin kuɗi na fita babu sauƙi, sai ya koma ga sassaƙe da jiƙo, har ranar da baki zai karkace. Duk alamomin da ya lissafa suna cikin littafi. Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi ba masu hawan jini, mai sa fitsari, yana ƙara zubar da fotasiyam, don haka yana iya tsananta raunin da mutumin yake kuka da shi.

Akwai dalilin da ya sa wannan misali ya fi kusa da Afirka. An daɗe da sanin cewa hawan jinin baƙar fata ya fi karkata ga nau'in da jiki ke riƙe gishiri, renin kuma ya yi ƙasa. A 2017 Adeseye Akintunde na Jami'ar Ladoke Akintola, tare da David Spence na Kanada da abokan aiki a Kenya da Afirka ta Kudu, suka gwada wata hanya a kan masu hawan jinin da ya ƙi sauka. Wasu aka ci gaba da ba su kulawar da aka saba, wasu kuma aka auna musu renin da aldostiron aka zaɓi magani bisa sakamakon. Bayan shekara guda, kashi 11 cikin 100 na rukunin farko ne jininsu ya daidaita, a rukuni na biyu kuwa rabi. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba za a gina dokar ƙasa a kan wannan gwaji kaɗai ba, amma tazarar ta isa ta sa a maimaita shi a Arewa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2021 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 27.5 ne ke da hawan jini a 2020, kuma waɗanda nasu ya daidaita ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Ko da kashi 6 cikin 100 na Turin aka ɗauka, ana maganar mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Gishirin da ba a ƙirgawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Uwargida za ta iya rantsewa ba ta cika gishiri a miya ba, kuma gaskiyarta, domin yawancinsa yana shiga ta wasu ƙofofi. Kusan rabin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne, kuma a gidaje da yawa ya ture daddawa ko ya hau kanta. Ga taliyar leda da garin da ke zuwa da ita, ga burodi, ga yajin tsire. Sannan ga kanwa, wadda ake jefawa a wake da miyar kuka da ta kuɓewa. A Turancin Najeriya ana ce mata potash, sunan da ke sa mai ilimi ya zaci fotasiyam ce, alhali kusan dukkanta sodiyam ce. Ƙoda ba ta tambayar sunan da aka ba abu a kasuwa.

Kanwa tana da tarihi a binciken zuciya a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry a Zariya suka danganta yawan kumburin zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. A 2007 wani bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya samu cutar a haihuwa 1 cikin 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sai dai babban nazarin da Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai samu waɗannan al'adu a cikin abubuwan da ke haddasa cutar ba, ya fi nuna yatsa ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Adalci shi ne a ce ba a tabbatar wa kanwa laifin haifar da cutar ba. Amma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙarin sodiyam, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, asibiti take buƙata kafin kunu.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa wannan ilimin birni ne. A jihar da mutane da yawa ba a taɓa ɗaura musu na'urar awon jini ba, maganar renin kamar sayen sirdi ne kafin doki. Suna da hujja. Awon yana da tsada, yana buƙatar firji da wutar da ba ta yankewa, kuma ko a Amurka wani nazari na 2021 a kan tsofaffin sojoji 269,010 masu hawan jini mai taurin kai ya nuna kashi 1.6 cikin 100 kaɗai aka yi wa gwajin. Abin da hujjar ke nunawa shi ne a bi abin daki-daki. A 2025 ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta ba da shawarar a gwada duk mai hawan jini. Kebbi ba ta buƙatar farawa daga nan. Ta fara da waɗanda magani uku suka kasa, da waɗanda fotasiyam ɗinsu ya faɗi, da matasan da cutar ta kama da wuri. Kuɗin gwajinsu bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na wata guda ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: maganin yana iya kisa. Bayan gwajin 1999 likitoci a lardin Ontario na Kanada suka rungumi sifironolakton, sai adadin masu ciwon zuciyar da aka kwantar saboda fotasiyam ya yi musu yawa ya tashi daga 2.4 cikin 1,000 a 1994 zuwa 11 cikin 1,000 a 2001. Idan haka ta faru inda ɗakin gwaji yake a kowane lungu, ina ga inda ake sayen magani a kemis da baki? Fotasiyam mai yawa yana tsayar da zuciya ba sallama. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai raunin ƙoda, da wanda gudawa ko amai ko ƙishirwar bazara ta busar da shi. Ba a ba mai ciki, kuma yana kumbura nonon wasu maza. Duk wanda ya karanta wannan ya je ya saya wa mahaifinsa ba tare da likita da awon jini ba, ya jefa shi cikin haɗari.

Abin da ya kamata a yi

Wannan haɗari shi ne ke nuna inda za a fara. Mataki na farko shi ne awon fotasiyam da na lafiyar ƙoda su zama abin da ake yi wa duk mai hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, a babban asibitin ƙaramar hukuma, kuma hukumar KECHEMA ta tabbatar suna cikin abin da inshorar jiha ke biya. Awo ɗaya yana aiki biyu: yana tona cutar, yana kuma tsare mai shan maganin.

Na biyu, ɗakin gwaji guda a Birnin Kebbi ko Kalgo da zai riƙa awon renin da aldostiron ya ishi jihar a farko, a riƙa tattaro jini daga ƙananan hukumomi a ranakun da aka tsayar, yadda ake yi da samfurin tarin fuka. Na uku, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da asibitocin koyarwa na Birnin Kebbi da Sakkwato suna da marasa lafiya da ɗalibai da malaman da za su iya auna yawan wannan cuta a tsakanin mutanen yankin, su kuma auna sodiyam ɗin da ke fita a fitsarin manomi da na ma'aikacin ofis, a bazara da hunturu. Alƙaluman Turin na mutanen Turin ne.

Na huɗu yana madafi, kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. A rage dunƙule, a mayar da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa matsayinsu, a taƙaita kanwa, a ƙara wake da zogale da alayyafo da dankali, waɗanda ke ɗauke da fotasiyam ga mai lafiyar ƙoda. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, gwajin da aka buga a 2021 a kan mutum 20,995 ya nuna cewa musanya rubu'in gishirin girki da gishirin fotasiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Dole kuma saƙon ya fita da iyakarsa: ruwan gishiri da sukari yana nan a matsayin mai ceton yaron da ke gudawa, ɗan gishirin da za a ci kuma ya kasance mai sinadarin aidin.

Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Jikin da ya iya tattalin gishiri ya ci ribar zamanin fataken Foga, yau kuma wannan iyawa tana cikin abubuwan da ke kai mutane gadon asibiti. Magidancin Dalijan da aka ce ba ya shan magani yana iya kasancewa bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Kafin a sake yi masa faɗa ko a ƙara masa magani na huɗu da ka, haƙƙinsa ne a ɗebi jininsa a duba fotasiyam.